Tikiti uku zuwa Kubwa, da tambayar ko ɗan tauri yana jin cizon sauro

Tun ranar 5 ga Disamba 2022 da jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja ya dawo aiki, bayan harin da aka kai masa a ranar 28 ga Maris na shekarar, ba a sayar wa fasinja tikiti sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Idan kai kaɗai za ka yi tafiya, da sauƙi, lambarka tana wayarka ko tana kanka. Idan kuwa kai ne aka ɗora wa saya wa dangi, kamar yadda aka ɗora mini lokacin wani ɗaurin aure da muka je a Kubwa, to tun kafin ka buɗe manhajar sayen tikiti sai ka gama bin mutane kana karɓar lambobinsu.

Mu uku ne. Ni, sai Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya taso daga ƙauyenmu a ƙasar Zazzau ya sauka a gidana, sai ɗan yayata mai shekara 13 da uwarsa ta liƙa mini shi saboda ana hutu. Baffa maƙeri ne, ya haura saba'in, kuma a ƙuruciyarsa ɗan tauri ne, irin waɗanda ake gani ranar hawan Sallah suna goga wuƙa a ciki da wuya, makaɗi yana zuga su. Ya bari tun da ya dawo daga aikin Hajji, ba ya ma so a tayar da zancen gaban baƙi. Shi kuma yaron, kansa cike yake da Superman da ire-irensa, jaruman nan na littattafan zane da finafinan Amurka waɗanda harsashi ba ya cin su.

Lambar yaron na samu nan take, uwarsa ta turo mini hoton takardar. Ta Baffa ce ta ɗan ja mu. Wanda ya manta lambarsa zai iya danna *346# a kan layin da ya yi rajista da shi, lambobi 11 su fito masa, amma layin da Baffa ya yi rajista da shi ya daɗe da ɓacewa tare da wata tsohuwar waya. Allah Ya taimake mu ya zo da takardar kanta, a ninke cikin leda tare da takardar gona da katin zaɓe. Da na buɗe sai na ga sunan yankansa, wanda rabona da jin an kira shi da shi tun ina firamare, don kowa da laƙabin tauri ya san shi. Wannan wuri ne da ya kamata mutum ya nutsu: sunan da za ka rubuta wa fasinja ya zama daidai da yadda yake a kan NIN, harafi da harafi. Mu da suna ɗaya yake da rubutu kala-kala, wani ya sa "u" a ƙarshe, wani ya ninka "m", wani ya fara da "Mo", kada ka rubuta yadda kake ganin ya fi daidai. Kwafa za ka yi daga takarda.

Sayar da tikitin wannan layi ta intanet ya fara ne a Janairun 2021, lokacin Rotimi Amaechi yana ministan sufuri, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne a rage cuwa-cuwar masu saye su ɓoye su sayar da tsada a bakin tasha. Buɗe asusu ba wuya: suna, lambar waya, imel, NIN, sai kalmar sirri. Bayan nan ka zaɓi tashar da za ka hau, da wadda za ka sauka, da ranar tafiya. Daga Kaduna tashar Rigasa ce. A ɓangaren Abuja ne baƙo yake rikicewa, don tashoshi biyu ne manya, Kubwa da Idu. Idu ce ƙarshen layi, can wajen unguwar masana'antu. Wanda zai je Kubwa, Dutsen Alhaji, Bwari ko Gwarinpa, Kubwa ce tasharsa, idan ya wuce Idu ya ƙara wa kansa kuɗin mota da ɓata lokaci a banza. Kuma ba kamar jirgin sama ba ne da za ka saya tun saura wata guda. Sai tafiya ta matso ake buɗe sayarwa, kujerun ƙarshen mako kuma ba sa jiran kowa.

Na zaɓi jirgin safe, na zaɓi tarago na talakawa, don ni malamin makaranta ne, bayoloji nake koyarwa a sakandare, albashina bai kai na saya wa mutum uku kujerar manya ba. Da taswirar kujeru ta fito, Baffa da ke leƙe ta kafaɗata ya ce shi zai zaɓi tasa da kansa, kusa da taga. Na miƙa masa waya. Ya dangwala yatsa, shiru. Ya ƙara dannawa da ƙarfi har na ji tsoron gilashina, shiru. Yaron ya sa ɗan yatsansa sau ɗaya, kujera ta canza launi.

"Tsoho, ko wayar ma tsoron ka take ji?" in ji shi.

"Ja'iri, hannun da ya yi shekara hamsin yana riƙe da masaba kake haɗawa da naka da bai taɓa ɗaukar komai ba sai cokali?"

Yatsun Baffa abin kallo ne. Kanta ce a kansu mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, da 'yan tabon tartsatsi fari-fari a bayan hannu. Yakan ɗauki garwashi da hannu ya mayar cikin murhu ba tare da ya yamutsa fuska ba. Ya ce ko ranar da ya je rajistar NIN ɗin sai da aka yi ta goga masa yatsu kafin na'ura ta ga zanensu, wuta da ƙarfe sun cinye shi. Gilashin waya ba ƙarfin dannawa yake ji ba, ɗan cajin lantarkin da ke bi ta fata mai danshi yake ji, busasshiyar kanta kuwa ba ta bari ya wuce sosai. Na ce ya ɗan jiƙa yatsan. Ya lasa, ya taɓa, ta amsa. Ya ce wayar ba ta da kunya.

A nan yaron ya jefo tambayar da ta bi mu har Abuja: "Kawu, to Superman fa? In fatarsa ta fi ta Tsoho tauri sau dubu, yana jin abu in ya taɓa? In ya zauna a kujera yana jin laushinta? In sauro ya sauka a kansa yana sani?"

Na ce ya bari in biya kuɗi tukuna, don kujerar da ka zaɓa ba taka ba ce sai kuɗi ya shiga. Na shigar da bayanan fasinja uku, kowa da lambarsa, na biya da katin ATM, bankina ya turo lambar tabbatarwa, na sa. Alat ya shigo nan take, amma bankin ya ɗan yi nawa wajen tabbatar da biyan, shafin yana ta juyawa. Shawarata a irin wannan hali ita ce kada mutum ya yi garajen sake biya, ya duba imel da ɓangaren tikitocinsa a manhaja tukuna. Namu sun shigo bayan 'yan mintoci, kowanne da sunan mai shi, da tarago, da lambar kujera, da ɗan murabba'in nan mai ɗigo-ɗigo da ake kira QR. Na ɗauki hotonsu na adana a waya saboda sabis ba abin dogaro ba ne a cikin cunkoso. Baffa ya ce shi bai yarda da tikitin da ba zai iya sawa a aljihu ba, dole na je shagon buga takardu na fitar masa da nasa.

Da dare bayan tuwo, yaron ya sake tayar da maganar, wannan karon kai tsaye ga mai ita. Na yi zaton Baffa zai kore shi, amma jika yana da lasisin da ɗa ba shi da shi. Abin da ya faɗa shi ne, a zamaninsu ana cewa ƙarfe ba ya cin su, amma ba wanda ya taɓa cewa ba sa jin sa. Ya ce sanyin wuƙa yana jin sa a ciki, nauyinta ma yana ji, washegari kuma wurin yakan yi tsami. Ƙaya tana shigarsa, gora tana fasa masa kai, ya nuna mana tabon. Sauro kuwa, ya ce, bai taɓa tambayar kowa ko ya sha magani ba. Ni dai ra'ayina a kan tauri na riƙe shi a cikina, don ina ganin akwai sanin yadda ake riƙe wuƙa da yadda ake jan ta a cikin abin fiye da yadda ake faɗa, kuma mutane da yawa sun ji ciwo wajen gwaji. Amma maganarsa ta raba abu biyu da yaron ya haɗe wuri ɗaya: rashin rauni daban, rashin ji daban.

Mun isa Rigasa da sauran lokaci mai yawa, kuma haka ya kamata, don akwai binciken kaya da na mutane kafin a kai ga ƙofar da ake haska tikiti. Kowa ya riƙe shaidarsa a hannu tare da tikitinsa. Takardar Baffa ta wuce a haskawa ɗaya, ni da wayata sai da na ƙara hasken gilashi, abin da ya ba shi damar yi mini dariya har muka shiga tarago. Layin nan kilomita 186 ne, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina shi, aka buɗe shi a Yulin 2016, kuma tafiyar ba ta rasa awa biyu da wani abu.

Jirgi na tashi Baffa ya ɗora tafin hannunsa a jikin taga ya ce yana jin ƙarfen yana magana. Wannan ya ba ni ƙofar da nake nema. Na gaya wa yaron cewa a cikin fata akwai ƙananan na'urorin ji iri-iri, kowanne da aikinsa: wasu na jin dannawa, wasu na jin abu yana zamewa, wasu kuma can ƙasa suna jin karkarwa irin wadda ƙafar jirgi ke aikowa ta jikin tarago. Dukkansu da sharaɗi ɗaya suke aiki, sai fata ta ɗan lotsa ko ta ɗan miƙe, ko yaya. Ardem Patapoutian, wanda ya raba kyautar Nobel ta fannin lafiya da David Julius a 2021, shi da abokan aikinsa ne suka gano ƙofofin da ke jikin ƙwayoyin halitta masu buɗewa idan an matsa su, aka sa musu suna Piezo. Saboda haka tambayar yaron tana da tushe. Idan fatar jarumi ba ta lotsawa ko kaɗan, to ta ina saƙon zai shiga?

Masu rubuta labaran ba su damu da wannan ba. Superman ya fito ne a 1938 daga hannun wasu samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, kuma da tafiya ta yi tafiya marubutan da suka biyo baya suka yi ta ƙara masa ƙarfi, suka kuma ba shi ji da gani da suka wuce na kowa. Wato sun ba shi fatar da bam ba ya fasawa, suka kuma bar shi yana jin sumbar matarsa. Inda suka tsaya suka yi tunani shi ne wajen aski: tunda reza ba ta cin gemunsa, a wasu labaran sai ya haska wutar idonsa a kan wani abu mai sheƙi ta dawo ta ƙone gashin. Baffa ya ce wannan wahala ce, su wanzami ne yake musu aski kamar kowa.

Amsar da ta fi gamsar da ni ba daga littafin zane ta fito ba, daga tafin ƙafar mutanen Kenya ta fito. A 2019 mujallar Nature ta buga binciken wasu masana, cikinsu har da Daniel Lieberman na jami'ar Harvard, inda suka auna tafin ƙafar masu yawo ba takalmi da na masu sa takalmi. Na farkon kantarsu ta fi kauri da tauri, kamar yadda kowa zai zata. Abin da ba a zata ba shi ne kaurin bai rage musu jin ƙasa ba. Abu mai tauri yana isar da motsi zuwa ciki ba tare da ya shanye shi ba, abu mai laushi irin soson takalmi shi ne yake shanyewa. Duk wanda ya taɓa riƙe sanda yana laluben hanya a duhu ya san yana jin tsakuwa ta cikin sandar. Ke nan fatar Superman za ta iya zama gagara-harsashi kuma ya ji rawar jirgi, wataƙila ma fiye da mu. Abin da nake shakka shi ne laushi. Jin laushin auduga ko kumatun jariri yana bukatar yatsa da abin da aka taɓa su ɗan sakar wa juna, shi kuwa komai a hannunsa lotsawa zai yi, dutse da burodi kusan ɗaya.

Wajen Rijana yaron ya fito da kilishin da uwarsa ta ƙulla masa, da tsinkayen sakace a ciki. Na karɓi biyu na haɗa bakinsu kusa da juna, na ce ya rufe ido. A kan yatsansa, tazarar milimita 2 zuwa 3 ta isa ya ce biyu ne. A bayansa kuwa sai da na buɗa su kusan faɗin yatsu biyu yana cewa ɗaya ne. Muka gwada Baffa, bayan ya gama cewa shi ba abin wasan yara ba ne. A kan kantar babban yatsa sai da na ƙara tazara kafin ya raba su, amma da na ɗora wayata tana karkarwa a kan wurin, kafin in tambaya ya ce ya ji. Wata mata da ke kujerar gefe tana ta kallonmu, daga baya na ga tana gwada wa 'yarta.

Yajin kilishin ya kawo mu kan zafi, wanda shi ne ɓangaren da na fi so. David Julius da barkono ya yi aikinsa. Ya gano cewa abin da ke sa barkono yaji yana buɗe wata ƙofa a jijiya mai suna TRPV1, ita ce kuma ƙofar da ke buɗewa idan zafi ya kai wajen digiri 43 a ma'aunin Celsius. Barkono ba ya ƙona harshe, ƙarya yake yi wa jijiya cewa an ƙone. Shi ya sa tsuntsaye suke cin sa hankali kwance, tasu ƙofar ba ta amsa masa. To in haka ne, rashin rauni ba zai ceci jarumi daga yaji ba. In dai jijiyoyinsa irin namu ne, wanda tankar yaƙi ba ta iya turewa zai iya zubar da hawaye a kan attaruhu. Yaron ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ce zai kai wa abokansa. Ƙaiƙayin sauro kuwa ba zai san shi ba, tunda sai bakin sauron ya huda fata ya zuba yawunsa jiki yake tayar da ƙaiƙayi. Ya tsira daga zazzaɓin cizon sauro. Baffa ya ce to an cuce shi, bai san daɗin susa ba.

Na kuma gaya masa cewa akasin Superman yana nan a duniya, kuma ba abin sha'awa ba ne. A 2006 masana daga jami'ar Cambridge suka ba da rahoton wasu yara 6 daga iyalai uku a arewacin Pakistan waɗanda ba su taɓa jin zafin ciwo ba saboda tangarɗa a ƙwayar gado mai suna SCN9A. Suna jin taɓawa, suna jin ɗumi da sanyi, har cakulkuli suna ji. Abin da ya kai masanan can shi ne labarin wani yaro mai wasa a titi, yana soka wuƙa a hannunsa yana taka garwashi mutane suna ba shi kuɗi. Wuƙar tana cin sa, jini yana zuba, shi dai ba ya ji. Ya rasu yana ɗan shekara 14 bayan ya diro daga saman gida. Sauran yaran duk suna da tabon cizon harshe da leɓe, wasu da karaya da ba a lura da ita ba sai da ta warke a karkace. Baffa ya yi shiru, sannan ya ce ai wannan shi ne kuturta. Kuma ya yi gaskiya. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta Indiya, ya nuna cewa yawancin yatsun da kutare ke rasawa ba cutar ce take cinye su kai tsaye ba. Jijiyar ji ce take mutuwa, mutum ya ƙone ko ya taka ƙusa bai sani ba, miki ya yi ta ci. Ɗan sharo kuma nasa daban: bulala tana fasa shi, yana jin ta sarai, yana kallon madubi yana murmushi.

Akwai wata hasarar da yaron bai hango ba sai da na tuna masa da Luke Cage, wani jarumin da shi ma fatarsa ba ta huduwa. A wani shirin talabijin na 2015 an kai shi asibiti a sume, allura ta ƙi shiga, likitoci suka rasa yadda za su yi. A ƙauyukanmu ma ana ba da irin wannan labari a kan 'yan tauri, wai allura ta lanƙwashe. Na tambayi Baffa. Ya ce shi dai duk allurar da aka taɓa yi masa ta shiga, kuma har gobe kau da kai yake yi in an zare ta daga leda.

Sanyin taragon ne ya fi damun sa. Mutumin da ke tsayawa gaban wutar maƙera tun asuba ya naɗe cikin rawani har hanci, yana tambaya ko ba a iya buɗe taga. Da muka wuce Jere sabis ya ɗan tsaya, na buɗe manhaja don tikitin dawowa, wanda shi ma sayensa ake yi daban, kuma na ranar Lahadi da yamma shi ne kowa ke rububi. Wannan karon abin ya yi sauri tunda lambobin suna hannuna. Na juya tashoshi, Kubwa zuwa Rigasa, na duba sau biyu don kada in saya mana tafiya daga inda ba mu, na sami kujeru uku amma ba a jere ba, biyu a gaba ɗaya a baya. Yaron ya ce shi zai zauna da Tsoho, yana da sauran tambayoyi. Baffa ya ce a sa shi a ta bayan, kuma in akwai taragon da na'urar sanyinsa ta gaji, nan yake so.